HANNUN MA'AIKACI DA BAKIN INJI A MASANA'ANTAR ƘARFE

Cikin ɗaliban da suke gama wannan makaranta kowace shekara, akwai masu wucewa kwalejin fasaha ko jami'a su karanta aikin injiniya, akwai masu shiga koyon walda ko kanikanci, wasu kuma sukan sami aiki kai tsaye a masana'anta. Dukansu, ko ba jima ko ba daɗe, za su tsaya a gaban inji mai motsi. Masu karatun digiri ma ba a bar su a baya ba, gama tun cikin shekarun 1970 Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF mai hedkwata a Jos, yake da shirin tura ɗaliban fasaha su yi watanni suna aiki a masana'antu kafin su gama karatu. Domin irin waɗannan ɗalibai, da iyayen da za su sallame su, aka shirya wannan darasi. Mun ɗauki masana'antar ƙarfe ne domin a can injuna suka fi girma da ƙarfi. Abin da za mu koya a can kuwa zai yi amfani a shagon walda na bakin titi da ɗakin injin niƙa.

Bari mu fara da abin da muke so mu tsare. Mai karatu, buɗe hannunka ka duba. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27: takwas a wuyan hannu, biyar a tafin hannu, goma sha huɗu a yatsu. Naman da yake ba yatsu ƙarfin damƙa ba a cikin yatsun yake ba, yana can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Daga can ne wasu jijiyoyi masu kama da igiya suke bi ta wuyan hannu su je su ja ƙasusuwan yatsu. Kama damtsen hannunka na ƙasa da ɗaya hannun, ka motsa yatsunka, za ka ji naman yana aiki. Ban da waɗannan igiyoyi, akwai jijiyoyin jini, akwai kuma manyan jijiyoyin saƙo guda uku waɗanda suke kai labarin zafi da sanyi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa, su komo da umarnin motsi. Duk waɗannan suna kwance ne a ƙarƙashin fata marar kauri, ba wani tudun nama da ya rufe su kamar na cinya. Shi ya sa yankan da zai zama abin dariya a cinya yana iya kashe yatsa har abada.

Warkewarsu ma ba ɗaya ba ce. Fata takan rufe cikin makonni kaɗan, ƙashin yatsa yakan haɗu cikin kamar makonni shida. Jijiyar saƙo kuwa, ko da likita ya ɗinke ta da kyau, tana sake tsirowa ne da misalin milimita ɗaya a rana. Idan ta yanke a wuyan hannu, kafin ta kai kan yatsa sai an yi wajen wata shida, sau da yawa kuma jin ba ya komowa kamar dā. Babban yatsa shi kaɗai likitoci sukan lissafta shi a kan kashi 40 cikin ɗari na aikin hannu. Wanda yake shakka ya naɗe nasa cikin tafin hannu, ya gwada sa maɓallin riga ko riƙe alƙalami.

YADDA AKE YIN RODI

Rodin da ake zuba kankare da shi, daga gungumen ƙarfe yake fitowa. A farkon shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta buɗe masana'antun mulmula ƙarfe guda uku a Jos da Katsina da Oshogbo, kowace an tsara ta a kan tan 210,000 a shekara, aka shirya su riƙa karɓar gungumen ƙarfe daga masana'antar Aladja ta kusa da Warri, wadda aka buɗe a 1982. An sayar da su ga 'yan kasuwa a tsakiyar shekarun 2000. Babbar masana'antar Ajaokuta kuwa, wadda aka fara ginawa a 1979 tare da Tarayyar Sobiyat, labarinta dabam ne, ba na yau ba. A zamanin nan rodi mai yawa da ake yi a Nijeriya daga tsofaffin ƙarafa ne da 'yan jari-bola suke tarawa, kamfanoni masu zaman kansu su narka su, musamman a yankin Ikorodu ta Legas da Ogijo ta jihar Ogun. Samari da yawa daga arewa suna cikin wannan sana'a, daga tara ƙarfen har zuwa cikin masana'antar.

Ko wane ne mai kamfanin, hanyar aikin ɗaya ce. Ana sa gungumen cikin tanderu har zafinsa ya kai digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas, ya yi ja wur, ya yi laushi. Sa'an nan a tura shi tsakanin rola biyu, watau manyan gangunan ƙarfe masu juyawa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Su matse shi, ya fito ya rage kauri ya ƙara tsawo, ya shiga tsakanin wasu biyun, haka har ya kai girman da ake so. 'Yan ajin lissafi su gwada wannan: gungume mai kusurwa huɗu, kowane gefe milimita 120, faɗin bakinsa murabba'in milimita 14,400 ne. Rodi mai kaurin milimita 12 kuwa faɗin bakinsa wajen 113 ne. Raba na farko da na biyu, za ka sami kusan 127. Watau mita ɗaya na gungume yana zama mita 127 na rodi, kuma tun da yake abin da ya shiga dole ya fita, rodin yana fita da gudu ninki 127 na yadda gungumen ya shiga. A masana'antun zamani masu yin waya, gudun fitar yakan wuce mita 100 a sakan ɗaya, ya fi kilomita 360 a awa.

Maƙerin gargajiya ma yana wasa da jan ƙarfe, amma masabarsa tana hannunsa, in ya ga dama ya tsaya. A masana'anta lantarki ne yake tura komai, inji kuwa bai san bambanci tsakanin ƙarfe da yatsa ba.

SAURIN HANNU DA SAURIN INJI

Ga gwajin da kowa zai iya yi a aji. Abokinka ya riƙe rula a tsaye, ka sa yatsunka biyu a buɗe daidai wurin sifiri, ya sake ta ba tare da ya gaya maka ba, kai kuma ka cafke. Yawancin mutane sukan kama ta bayan ta faɗi wajen santimita 20. Bisa ga dokar faɗuwar abu, santimita 20 na ɗaukar kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Wannan shi ne lokacin da saƙo yake ɗauka daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu, ga mutum mai ƙuruciya wanda ya ƙoshi, ya yi barci, yana kuma jiran abin ya faru.

To, a ce rola tana jan abu da gudun mita ɗaya a sakan. Wannan bai kai saurin tafiyar mutum da ƙafa ba, a masana'antar ƙarfe kuwa ana lissafta shi cikin masu nawa. A kashi ɗaya cikin biyar na sakan za ta ja santimita 20. Auna hannun babban mutum daga kan dogon yatsa zuwa wuyan hannu, da wuya ya kai haka. Ashe kafin mutum ya san an kama shi, hannun ya riga ya shige. Injin huda ƙarfe mai juyi 600 a minti yana juyi goma a sakan, watau ya naɗe hannun riga sau biyu kafin mai rigar ya motsa.

Idan ɗalibi zai manta da kome cikin wannan darasi, kada ya manta da wannan lissafi. Mun saba idan yaro zai tafi aiki mu ce masa, ka kula da kanka, ka sa ido. Shawara ce mai kyau, amma ba ta isa ba, domin ba wani mai kula a duniya da ya kai inji sauri. Abin da yake tsare hannu shi ne a shirya wurin aiki yadda hannun ba zai iya kaiwa wurin hatsari ba muddin injin yana da ikon motsi.

Wurin da ya fi cin hannu shi ne inda abubuwa biyu masu motsi suka haɗu suna jan abu ciki. A wannan darasi za mu kira shi bakin inji. Akwai shi tsakanin rola da rola, tsakanin bel da ƙafar da take juya shi, tsakanin sarƙa da haƙoranta kamar na keke, da tsakanin giya da giya. Raunin bakin inji ya fi na wuƙa muni. Wuƙa takan yanke a wuri ɗaya, likita ya sami baki biyu masu kyau ya haɗa. Rola kuwa murƙushewa take yi, ta farfasa ƙashi, ta dame nama da jijiyoyi a tsawon hannun, wani lokaci ta feɗe fatar gaba ɗaya kamar an tuɓe safa. Idan mutumin ya fizge da ƙarfi, kamar yadda kowa zai yi, ɓarnar takan ƙaru. A sashen jan ƙarfe kuma ƙuna tana kan wannan duka.

Bayan rola sai almakashin inji mai datse rodi, da injin matsa ƙarfe wanda yake saukowa da nauyin tan masu yawa. Waɗannan ba sa ja, saukowa ɗaya suke yi. Hatsarinsu yakan zo ne sa'ad da ma'aikaci ya miƙa hannu ya gyara zaman ƙarfe ko ya ɗauke guntun da ya maƙale, ƙafarsa kuwa tana kan abin takawa. Akwai kuma ƙugiyar ɗaga kaya. Daurin rodi ɗaya yana iya kai tan ɗaya ko biyu. Mai ɗaura sarƙa ya sa hannu ya daidaita ta, mai tuƙin ƙugiya a can sama ya ɗaga, sarƙa ta miƙe, yatsu suna tsakaninta da ƙarfe. Ƙa'idar masu aikin nan ita ce kada hannu ya taɓa kayan da yake rataye. Da sanda mai ƙugiya ko igiya ake juya shi daga nesa.

A tsofaffin masana'antu har yanzu akwai inda mutum ne yake cafke jan rodi da dogon awartaki idan ya fito daga rola, ya juya shi ya cusa cikin ta gaba. Wani lokaci kan rodin yakan kuskure hanya, na baya kuwa yana ta zuwa, sai ya tashi sama ya nannaɗe kamar maciji. Warware wannan tarin yana cikin ayyukan da suka fi hatsari, gama ƙarfen da ya lanƙwashe yana riƙe da ƙarfi kamar bakan da aka ja, idan aka yanke shi sai ya yi bulala.

Akwai wani rauni da ya kamata mu daɗe a kansa domin yana da ruɗi. Injuna da yawa da mai suke aiki, wanda famfo yake turawa cikin tiyo da matsi mai tsanani. Iskar tayar ƙaramar mota matsinta wajen ba 2 ne a ma'auni, na wannan mai kuwa yakan kai ba 200, ninki ɗari ke nan, alhali wajen ba 7 ya isa ya huda fatar mutum. Idan tiyo ya yi ɗan rami kamar na allura, man yakan fito siriri har ido ba ya gani sosai. Ma'aikaci ya bi tiyon da hannu yana neman inda yake yoyo, sai ya ji kamar ƙudan zuma ya harbe shi. Ya duba, ɗan ɗigo ne kawai, ya goge ya ci gaba da aiki. A ciki kuwa man ya bi hanyar jijiyoyi ya bazu cikin yatsa har tafin hannu, yana kashe nama. Kafin gari ya waye yatsan ya kumbura ya canza launi, mutane da yawa kuwa ta haka suka rasa yatsu. Wannan ɗan ɗigo aikin tiyata ne na gaggawa, cikin awoyi kaɗan, kuma dole a gaya wa likita cewa mai ne ya shiga da matsi, in ba haka ba shi ma yana iya ɗauka ƙaramin abu ne. Da guntun kwali ake neman yoyo, ba da hannu ba.

Safar hannu fa? Tana da amfani ƙwarai wajen ɗaukar ƙarfe mai kaifi ko mai zafi. Amma kusa da abu mai juyawa, kamar injin huda ƙarfe ko na sassaƙa shi, takan zama tarko. Fatar yatsa in ta taɓa tana iya yagewa ka tsira da ƙaramin rauni, safa kuwa ba ta yagewa, sai ta ja hannun duka. Haka hannun riga mai faɗi, da bakin gyale, da tsumman goge inji, da agogo, da zobe. Zobe in ya maƙale yakan tuɓe naman yatsa har ƙashi. Matan ma'aikata su yi haƙuri idan maigida ya bar zoben aure a gida ranar aiki.

BA GANGANCI KAƊAI BA NE

Idan hannu ya tafi, magana biyu akan ji. Masu kamfani su ce gangancin yaron ne, 'yan'uwansa su ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Duka biyun suna rufe bincike tun ba a fara ba, injin kuma ya zauna yadda yake yana jiran na gaba.

An yi wannan gardama a Amurka fiye da shekara ɗari da suka wuce. Birnin Pittsburgh shi ne cibiyar ƙarfe ta ƙasar a lokacin. Wata lauya mai suna Crystal Eastman ta bi diddigin dukan waɗanda suka mutu a wurin aiki a gundumar Allegheny, inda birnin yake, daga Yuli 1906 zuwa Yuni 1907. Ta sami mutum 526, cikinsu 195 ma'aikatan ƙarfe ne, ban da ɗimbin waɗanda suka rasa hannu ko ƙafa ko ido. A littafin da ta buga a 1910 ta nuna cewa ba gaskiya ba ne a ce yawancin hatsarin laifin ma'aikatan ne. Ko inda aka ce ganganci ne, idan aka duba sai a tarar da sabon zuwa wanda ba a koya masa ba, ko baƙon da ba ya jin harshen shugabansa, ko wanda gajiya ta cinye. A lokacin awa 12 ake yi a rana, ranar da za a canza daga aikin rana zuwa na dare kuwa mutum yakan yi awa 24 a tsaye. Sai a 1923 manyan kamfanonin ƙarfe na ƙasar suka yarda su bar aikin awa 12. Abin da ya rage hatsari a can ba wa'azin a kula ba ne kawai. An rufe bakin injuna, an rage awoyi, an kuma yi dokokin da suka sa raunin ma'aikaci ya zama asara ga aljihun kamfani.

Ingila ta riga su: dokar masana'antu ta 1844 ta umarta a kange injunan masaƙu, ta kuma hana sa yara share su suna cikin motsi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kan kange injuna a 1963. Duk da haka matsalar ba ta ƙare ba ko a ƙasashen da suka ci gaba. A 2015 Amurka ta fara tilasta wa kamfanoni su kai rahoton duk wanda ya rasa wata gaɓa cikin awa 24. A shekarar farko hukumar ta karɓi rahoto 2,644, wannan kuwa daga jihohin da suke ƙarƙashinta kai tsaye ne kaɗai.

Kangiya iri-iri ce. Mafi sauƙi ita ce murfin ƙarfe ko raga da aka ɗaure da kusoshi a kan bel da giya da sarƙa. Akwai ƙofar da in an buɗe ta injin ya mutu da kansa. Akwai injin matsa ƙarfe mai maɓalli biyu nesa da juna, wanda ba ya saukowa sai hannu biyu suna kansu. Akwai kuma labulen haske, wanda in hannu ya ratsa shi injin ya tsaya. Abin baƙin ciki, sau da yawa injin yakan zo daga inda aka ƙera shi da murfinsa, a cire ranar gyara na farko, a jingine shi a bango, ba a sake mayarwa. Sabon ma'aikacin da ya ga ramukan kusoshi a jikin inji ba kome a kansu, ya tambaya ina abin da yake wurin.

KWAƊO

Sa'ad da inji yake tafiya lafiya, hannu ba ya da dalilin shiga cikinsa. Yawanci sai abu ya maƙale, ko za a share, ko za a sa mai, ko za a canza wuƙa. A nan ne ake cire murfi, a nan ne kuma ake rasa yatsu, ta hanya uku. Ko dai ba a kashe injin ba domin ana sauri, ƙarfe yana hucewa, shugaban sashe yana tsawa. Ko an kashe, wani da bai san akwai mutum a ciki ba ya zo ya kunna. Ko kuwa an kashe amma akwai sauran ƙarfi a ɓoye: babbar ƙafa mai nauyi da ba ta gama juyi ba, mai ko iska da suke cikin matsi, kan inji da yake rataye a sama.

A ƙasarmu akwai hanya ta huɗu. An ɗauke wuta, inji ya yi shiru, ma'aikaci ya ce bari in yi amfani da wannan dama in share. Ba wanda ya taɓa makunni. Aka kawo wuta ko aka tada janareto, inji ya tashi da hannu a ciki. Injin da aka haɗa daidai yana da makunnin da yake sakin kansa idan wuta ta ɗauke, ba ya tashi sai an sake danna shi, amma kada kowa ya ɗora hannunsa a kan zaton cewa nasu haka yake. Inji mai shiru ba matacce ba ne.

Maganin duka huɗun abu ne da ake sayarwa a kowace kasuwa, watau kwaɗo. Mai gyara ya sanar da abokan aiki, ya kashe injin, ya je babban makunnin da yake kawo masa wuta ya sauke shi, ya sa kwaɗonsa a kai, ya rataya takarda mai sunansa, ya sa mabuɗin a aljihunsa. Idan mutum huɗu ne za su shiga, kwaɗo huɗu za a sa, kowa da nasa, ba mai cire na wani ko da shugaba ne. Sa'an nan a saki matsin mai da na iska, a jira mai juyi ya tsaya cik, a tokare abin da yake rataye da ƙarfe ko katako mai ƙarfi. Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa: a danna maɓallin kunnawa a gani ko zai tashi, gama yana yiwuwa makunnin wani injin aka kulle. Amurka ta mai da wannan tsari doka a 1989, hukumarta ta lafiyar ma'aikata kuma ta ƙiyasta cewa bin sa yana hana mutuwar mutum 120 da raunin 50,000 kowace shekara.

Na san abin da wani zai ce: ni sabon yaro, yaya zan ce wa shugabana ba zan sa hannu ba sai an kulle? Tambaya ce mai nauyi, aiki yana da wuyar samu, mun kuma tashi da girmama na gaba. Amma ana iya ƙin abu cikin ladabi. Ranka ya daɗe, bari in sauke makunni tukuna, minti biyu ne. A ganina kamfanin da zai kori yaro saboda wannan magana, wuri ne da dā ma zai ci hannunsa.

IDAN ABIN YA RIGA YA FARU

A kashe injin tukuna. Kada a ja mutumin, kada kuma a juya injin baya da ka, sai wanda ya san shi ya buɗe tsakanin rolar. A danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji. Wannan yakan tsai da yawancin jini. Ɗaure damtse sai in jini ya ƙi tsayawa yana barazana ga rai, da ƙyalle mai faɗi, ba waya ko igiya ba, a kuma rubuta lokacin da aka ɗaure. A cire zobe da agogo kafin hannu ya kumbura. Kada a zuba man birki ko fetur ko toka ko ƙasa, kamar yadda ake yi a wasu garejoji, gama suna ƙara kashe naman da likita zai iya ceta. Kada a ba shi abinci ko abin sha, domin mai yiwuwa a yi masa tiyata.

Idan yatsa ya rabu, a ɗauko shi. A naɗe shi da bandeji ko tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa cikin leda a ɗaure bakinta, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar, kada kuma a jiƙa shi cikin ruwa tsirara. A 1963 wani likita a Shanghai ta ƙasar Sin, Chen Zhongwei, ya mayar wa wani ma'aikacin masana'anta hannun da inji ya datse, hannun kuwa ya rayu ya yi aiki. A 1965 likitoci biyu a Japan, Komatsu da Tamai, suka mayar da babban yatsan da ya rabu gaba ɗaya ta wurin ɗinke ƙananan jijiyoyin jini a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Yatsa yana iya jimre wajen awa 12 ba sanyi, awa 24 da sanyi. Hannu mai nama kuwa rabin wannan ne. Aikin yana bukatar ƙwararren likita da kayan aiki na musamman, ba kowane yatsa ne kuma yake mayuwa ba, musamman wanda rola ta murƙushe. Saboda haka a nufi babban asibiti mafi kusa ba tare da yawo ba, a bar likita ya yanke shawara, a kuma tuna masa da allurar rigakafin tetanas.

Saura maganar doka, wadda jahilcinta yake sa mutane su yi asara sau biyu. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya kange duk wani sashen inji mai hatsari, ya koya wa sabon ma'aikaci kafin ya sa shi a kan inji, ya kuma kai rahoto ga sufeton masana'antu idan hatsari ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuwa ta ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya ga asusun NSITF, ba kuma daga albashin ma'aikaci za a cire ba. Daga wannan asusu ake biyan magani da diyya, ba sai an tabbatar da laifin kamfani a kotu ba. Wanda ya ji rauni, ko wani a madadinsa, ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, mai aikin ya kai rahoto cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya kafin shekara ta cika. A adana katin asibiti da rasit da hoton ƙashi da sunayen waɗanda suke wurin. Akan kira wanda ya ji rauni gefe a ba shi 'yan kuɗi a ce ya sa hannu a takarda cewa magana ta ƙare. Dokar ba ta yarda da yarjejeniyar da za ta sa ma'aikaci ya yafe hakkinsa na diyya ba. Ma'aikaci kuma a wurinta ya haɗa da na dindindin da na wucin gadi da ɗan aikin yini da mai koyon sana'a, ko da da baki aka ɗauke shi ba da takarda ba.